Maiƙon da Ke Dakon Magani: Daga Gwaiduwar Ƙwai a Babraham Zuwa Shagon Magani a Mai'adua

Daga tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Satumba, lokacin da gero ya fitar da kai, kududdufai suka cika, sauro ya samu wurin zama, da wuya a wuni a wani asibiti ko shagon magani na Mai'adua ba a miƙa wa wani ƙwayoyin nan ruwan ɗorawa na zazzaɓin cizon sauro ba. Sau 6 ake sha cikin kwana 3. Ma'aikacin lafiyar da ya san aikinsa ba ya miƙa fakitin ya yi shiru. Zai ce wa uwar yaro: "Hajiya, kada ki ba shi da ruwa zalla. Ki bari ya sha nono tukuna, ko ya ci wani abu mai maiƙo." Iyaye da yawa suna ɗauka dabara ce kawai don yaro ya sa wani abu a cikinsa. Alhali maiƙon nan shi ne abin hawan maganin, in babu shi kaso mai yawa na abin da aka saya da kuɗi wucewa zai yi ta hanji ya fita.

Ƙwayar magunguna biyu ce a haɗe. Na farko, atemeta, yana faɗa wa ƙwayoyin cutar da sauri, cikin 'yan sa'o'i kuma ya bar jiki. Na biyu, lumefantirin, shi ke zama kwanaki yana share waɗanda suka rage don kada zazzaɓin ya dawo bayan mako biyu ko uku. To shi lumefantirin ba ya jituwa da ruwa. Sai an ci mai, matsarmama ta zubo da ruwanta cikin hanji, ruwan ya farfasa man ya zama 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi, maganin ya shige cikinsu, sannan su kai shi bangon hanji ya shiga jini. An auna an ga cewa abinci mai maiƙo sosai yana iya ninka abin da jiki ke ɗauka na lumefantirin har sau 16. Ba a kuma bukatar mai da yawa: wani bincike da aka buga a 2007 daga Tailan ya nuna cewa madarar waken suya mililita 36, wadda man cikinta bai wuce giram 1.2 ba, ta isa ta kai mutum kusa da iyakar abin da jikinsa zai iya ɗauka. Ga jariri, nonon uwa ya wadatar.

A nan akwai abin lura ga mutanen ƙasar Daura. Nonon da ake dama fura da shi iri-iri ne. Kindirmo yana nan da mansa. Tsala kuwa an riga an kaɗa ta an kwashe man shanun an sayar daban, sau da yawa ma an ƙara mata ruwa. Wanda zai sha maganin zazzaɓi, cokali biyu na kindirmo, ko kunun gyaɗa, ko ƙosai ɗaya, sun fi masa kofin tsala amfani.

Haɗa magani da mai ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Masu ɗori da ungozoma sun daɗe suna kwaɓa garin magani da man shanu ko man kaɗanya kafin su shafa, domin sun ga ya fi kama jiki, ya fi daɗewa. Asibiti ma da hakan yake aiki ba tare da an lura ba. A makon lafiyar mata da yara, ma'aikaciya tana ɗauko wata 'yar ƙwaya mai laushi, shuɗiya ga ɗan wata 6 zuwa 11, ja ga wanda ya shekara zuwa ƙasa da 5, ta datse tsininta da almakashi, ta matse ɗigon da ke ciki a bakin yaro. Ɗigon mai ne, a cikinsa aka narkar da bitamin A. Allurar atemeta da aka daɗe ana yi wa masu zazzaɓi a cinya, a cikin mai ake narkar da ita, wasu kamfanonin man gyaɗa suke sa wa. Sai dai a nan man bai yi rana sosai ba, don yana sakin maganin a hankali, wani lokaci ba daidai ba, musamman ga wanda jikinsa ya yi tsanani. Shi ya sa a yau likitoci suka fi son atesunet, mai narkewa a ruwa, wanda ake sa wa kai tsaye a jijiya.

Jijiya ita ce iyakar da mai ya daɗe bai ƙetare ba. In aka ɗura mai haka nan a jini, dunƙulewa zai yi ya toshe ƙananan hanyoyin jini na huhu. A shekarun 1950 Amurkawa sun gwada wani haɗi na man angurya don ciyar da marasa lafiyar da ba sa iya cin abinci, amma illarsa ta yi yawa, aka janye shi. Wani masanin abinci ɗan Suwidin, Arvid Wretlind, shi ya samo bakin zaren bayan gwaje-gwaje na shekaru: man waken suya, a farfasa shi ƙanana ƙwarai, a lulluɓe kowane ɗigo da wani nau'in maiƙo da ake samu a gwaiduwar ƙwai. A 1962 aka amince da shi da sunan Intralipid. Farin ruwan nan mai kama da madara da ake ɗura wa mutum a ɗakin tiyata ya yi barci, wato furofofol, wanda ya shigo kasuwa a 1986, a cikin irin wannan haɗin yake tafiya.

Wannan maiƙo na gwaiduwa, fosfolifid, halittarsa ce ta sa ya yi fice. Kowace ƙwayarsa tana da kai mai son ruwa da jela biyu masu gudun ruwa. In aka zuba su a ruwa, da kansu suke jeruwa sahu biyu, jela na fuskantar jela a ciki, kawuna na waje. Da irin wannan sahu biyu Allah ya yi fatar kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan Adam da dabba.

Wanda ya fara ganin abin da wannan jeri ke haifarwa likitan jini ne, Alec Bangham, kuma a cibiyar binciken dabbobi yake aiki, a ƙauyen Babraham kusa da Kambirij a Ingila. Ba magani yake nema ba. So yake ya gane dalilin da ya sa ƙwayoyin jini ba sa manne wa juna, da yadda jini ke daskarewa. Shi da abokin aikinsa Robert Horne suka sa fosfolifid da aka jiƙa a ƙarƙashin sabuwar na'urar ƙara girman abu mai aiki da lantarki. Hotunan da suka buga a 1964 sun nuna ƙunshi-ƙunshi rufaffu, ɓawo cikin ɓawo kamar albasa, ruwa a tsakanin kowane ɓawo da na gaba. A 1965 Bangham da wasu abokan aiki biyu suka nuna cewa gishirin da aka kulle a ciki ba ya fita sai a hankali, daidai yadda fatar ƙwayar halitta mai rai ke riƙe abin da ke cikinta. Daga baya aka raɗa wa ƙunshin suna laifosom.

Abin da ke riƙe gishiri zai riƙe magani. Gregory Gregoriadis, ɗan ƙasar Girka da ke aiki tare da Brenda Ryman a asibitin Royal Free na Landan, shi ya bi wannan tunani tun daga 1971. Lissafin mai daɗin ji ne: magani mai son ruwa ya zauna a tsakiya, mai son mai ya maƙale a jikin ɓawon, a tura ƙunshin inda cuta take, sauran jiki ya huta da dafin maganin. A 1974 shi da Anthony Allison suka ƙara gano cewa in aka sa sinadarin riga-kafi a cikin laifosom, garkuwar jiki ta fi tashi tsaye. Shekara 50 bayan haka wannan binciken zai iso bakin kogin Kwara a hannun masu yi wa jarirai allura.

Amma jiki bai karɓi baƙin da hannu biyu ba. Hanta da saifa cike suke da wasu ƙwayoyin garkuwa waɗanda aikinsu haɗiye duk wani baƙon abu da ke yawo a jini. Cikin mintuna suke kwashe laifosom. Waɗanda suka tsira kuma yoyo suke yi, maganin ya tsiyaye tun kafin a isa. Kuɗi masu yawa sun narke a wannan hanya a shekarun 1970 da 1980, masana da dama suka juya baya.

Sai faɗuwa ta zo daidai da zama. Akwai cutar da ake kira kala-azar, wadda wani ɗan ƙaramin ƙuda mai cizo ke yaɗawa a Indiya da Sudan da Habasha da Barazil. Tana kumbura saifa, ta rame mutum, in ba a yi magani ba kusan kullum kisa take yi. Ƙwayar cutar kuma ba ta da wurin ɓuya sai cikin waɗannan masu haɗiyar na hanta da saifa. A 1977 da 1978 ƙungiyoyin masana uku, biyu a Ingila ɗaya a Amurka, suka nuna a jikin dabbobi cewa in an ƙunshe maganin cutar a laifosom, mai haɗiyar da kansa yake kai shi har ɗakin da cutar take kwance.

Maganin da ya fi cin moriyar wannan shi ne amfoterisin B, wanda aka samo a 1955 daga wata ƙwayar halitta a ƙasar bakin kogin Orinoco na Benezuwela. Yana kashe cututtuka dangin funfuna da wasu magungunan suka gaza, yana kashe kala-azar, amma yana cin ƙoda, yana sa mara lafiya karkarwa da zazzaɓi tun ruwan bai ƙare ba. Wani ƙaramin kamfani a Kalifoniya mai suna Vestar ya dasa shi a jikin ɓawon laifosom ƙanana, ƙasa da nanomita 100. Sai an jera irinsu 10,000 kafin su cika milimita 1. A 1990 aka fara amincewa da shi a Turai da sunan AmBisome, Amurka ta biyo baya a 1997. Sinadarin bai canza ba ko kaɗan. Mazubin ne ya canza, ƙoda ta samu sauƙi, har likita ya iya ba da ninkin abin da yake bayarwa a da.

Bukatar kuwa ba ƙarama ba ce. A yankin Yammacin Upper Nile na kudancin Sudan, likitocin ƙungiyar MSF sun ƙiyasta cewa kala-azar ta kashe mutum kusan 100,000 tsakanin 1984 da 1994, ana tsakiyar yaƙi. A jihar Bihar ta Indiya, Farfesa Shyam Sundar ya buga sakamako a 2010 cewa ɗurin AmBisome sau ɗaya tak ya warkar da kusan kashi 96 cikin 100, daidai da abin da tsohon haɗin ke yi da ɗuri 15 da kwanciyar wata guda a asibiti. Ga manomin da ya bar gona da iyali, bambancin wuni ɗaya da wata ɗaya shi ne bambancin zuwa asibiti da ƙin zuwa. Da wannan magani da feshin gidaje Bangaladash ta kai ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a Oktoba 2023 cewa cutar ta daina zama barazana ga jama'arta. A gabashin Afirka ɗuri ɗaya bai wadatar ba, domin irin ƙwayar cutar can ta fi taurin kai.

Inda labarin AmBisome ya fi shafar Najeriya shi ne wajen masu fama da cuta mai karya garkuwar jiki. Akwai wani sanƙarau da ba irin wanda ƙasar Daura ta saba gani da bazara ba. Wannan funfuna ce ke haddasa shi, tana kama waɗanda garkuwarsu ta yi ƙasa sosai, kuma an ƙiyasta tana kashe mutum kimanin 112,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka. Gwajin da aka yi a Botsuwana, Malawi, Afirka ta Kudu, Yuganda da Zimbabuwe, aka buga a Maris 2022, ya gwada ɗuri ɗaya mai ƙarfi na AmBisome tare da ƙwayoyin sha na mako 2, a kan mako guda na tsohon amfoterisin. Bayan mako 10, kashi 24.8 cikin 100 suka rasu a rukunin farko, kashi 28.7 a na biyu, kuma illa ga ƙoda da jini ta ragu. A shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da shi zaɓin farko. Kamfanin Gilead, wanda maganin ya koma hannunsa, ya sanar a 2018 da farashin rangwame na dala 16.25 kowace kwalba ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Mai nauyin kilo 60 kwalba 12 yake bukata, wato dala 195 a farashin 2018, kafin a zo maganar gwaji da gado da sauran ƙwayoyi. Ana kuma so a ajiye kwalbar a wurin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba, a yankin da watan Afrilu ke haura 40. Waɗannan biyun, kuɗi da sanyi, su ne ke yanke hukuncin wanda zai samu, fiye da ilimin da ke cikin kwalbar.

Matsalar masu haɗiyar nan ta hanta an shawo kanta ne ta wata hanyar. A wajajen 1990 masana suka gano cewa in aka dasa wa ƙunshin wasu zaruruwa masu jan ruwa da ake kira PEG a bayansa, garkuwar jiki ba ta saurin gane shi, sai ya yi kwana biyu ko uku yana zagaya jini. A birnin Ƙudus, Yechezkel Barenholz da Alberto Gabizon suka haɗa wannan da wata dabara ta cusa magani a ciki ya daskare yadda ba zai yoyo ba. Maganin shi ne dokzorubisin, jan ruwan nan na ciwon daji mai raunana zuciya. Hanyoyin jinin da ke ciyar da ƙari suna da 'yan kafofi, ƙunshin yana zurarewa ta nan ya taru. Ranar 17 ga Nuwamba, 1995, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Doxil, da farko don wani dajin fata da ke kama masu cuta mai karya garkuwa, daga baya aka faɗaɗa zuwa dajin ƙwan mace. Ya rage wa zuciya wahala ƙwarai. Ya kuma zo da tasa illar, tafin hannu da na ƙafa su yi ja su yi zafi. Gaskiya ita ce a yawancin gwaje-gwaje bai ƙara tsawon rai fiye da tsohon ba, sauƙin jinya ya kawo, wanda ga mai jinya ba ƙaramin abu ba ne.

Kaya mafi wuyar dako shi ne saƙon halitta. Sinadarin mRNA umarni ne da ƙwayar halitta ke karantawa ta ƙera wani furotin. In aka zuba shi tsirara a jini, nan take ake daddatsa shi, ko ya tsira ma ba zai iya ratsa fatar ƙwayar ba. A 1987 Philip Felgner ya ƙera wani maiƙo mai cajin lantarki kishiyar na saƙon, don su kama juna. Ya yi aiki a kwanon gwaji, amma a jikin dabba guba ne. Ƙungiyar Pieter Cullis a Jami'ar British Columbia da ke Bankuba a Kanada, da kamfanonin da suka tsiro daga gare ta, suka shafe shekaru suna gyara, har suka samu maiƙon da ba ya ɗaukar caji sai a wuri mai tsami. A masana'anta, ana narkar da maiƙon a sinadarin itanol, saƙon a ruwa mai tsami, a turo su da ƙarfi ta bututu biyu su yi karo, ƙwayoyin su ƙulla kansu cikin ƙiftawar ido, sannan a wanke itanol ɗin a fitar. A cikin jini babu tsami, maiƙon ya lafa. Da ƙwayar halitta ta haɗiye shi cikin wata 'yar jaka mai tsami, cajin ya dawo, ya huda jakar, saƙon ya fito. Kaɗan ne daga ciki ke kuɓuta, amma kaɗan ɗin ya isa. Magani na farko da ya hau wannan abin hawa shi ne Onpattro, a Agusta 2018, don wata cutar gado da ba kasafai ake ganinta ba. A gefe guda Katalin Karikó da Drew Weissman sun riga sun gano tun 2005 yadda za a gyara saƙon kansa don kada jiki ya yi masa bore, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2023.

Annobar korona ta taɓa masarautar Daura da wuri. Mutum na farko da aka tabbatar ya kamu a duk jihar Katsina wani likita ne a garin Daura, wanda ya rasu a Afrilu 2020, gwamnatin Aminu Bello Masari kuma ta rufe garin. Kafin shekarar ta ƙare, ranar 8 ga Disamba, aka fara yi wa jama'a allurar Pfizer da BioNTech a Ingila. A cikin kowace allura akwai mikirogiram 30 na saƙon, a ƙunshe cikin maiƙo iri 4: mai ɗaukar caji, mai zaren PEG, fosfolifid, da kolestarol.

Riga-kafin da ya fara isowa Najeriya ranar 2 ga Maris, 2021, na AstraZeneca ne, wanda ba da maiƙo yake tafiya ba. Mai maiƙon ya sauka a Abuja a farkon Agusta, allurar Moderna miliyan 4 kyauta daga Amurka, ta Pfizer ta biyo baya kafin ƙarshen shekara, ita ce ma aka yi wa Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, a matsayin ƙari a watan Disamba. Ta Pfizer tana son sanyin digiri 70 ƙasa da sifili, ta Moderna 20 ƙasa da sifili. Abin da ya sa suka iya kaiwa ƙananan hukumomin kan iyaka irin su Mai'adua shi ne, bayan an narkar da su suna jure kimanin wata guda a firiji na digiri 2 zuwa 8, irin masu aiki da hasken rana da aka riga aka girka don riga-kafin yara. Ma'aikaci ba ya girgiza kwalbar, juya ta yake a hankali, kuma in ta narke ba a mai da ita ta sake daskarewa, don ƙunshin zai fashe.

Jama'a sun yi tambayoyi, kuma suna da hujjar yi. Arewa ba ta manta da gwajin maganin Trovan da Pfizer ta yi wa yara 200 a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba, wanda shari'arsa ta ƙare da sulhun dala miliyan 75 tsakanin Pfizer da gwamnatin Kano a 2009. Da aka ji akwai kitse a allura, tambayar farko ita ce ko na alade ne. Kamfanonin sun bayyana cewa babu wani abu na alade a ciki. Ciwon damtse da zazzaɓin kwana ɗaya da mutane suka yi ta faɗa gaskiya ne, wani sashensa ma daga maiƙon yake, don shi kansa yana zaburar da garkuwa. Akwai kuma illoli masu wuyar aukuwa da aka tabbatar, kamar kumburin tsokar zuciya ga wasu samari. Inda aka zauna aka faɗa wa mutane wannan dalla-dalla, an fi samun haɗin kai fiye da inda aka ce musu babu komai.

Ga uwa a Mai'adua, wadda ke karɓar masu rabon maganin kariya na yara gida-gida duk wata in damina ta kama, shirin da jihar Katsina ta fara gani tun 2013, zazzaɓin cizon sauro ya fi korona kusa. Najeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya. Riga-kafinsa guda biyu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su, duka da ƙwayar maiƙo suke aiki. RTS,S, wanda aka amince da shi a Oktoba 2021, yana tafe da laifosom mai ɗauke da sinadarai biyu masu tayar da garkuwa, ɗaya daga ɓawon wata bishiya ta ƙasar Chile. Nijar ta fara yi wa yaranta shi a Gaya a Satumba 2024. R21, wanda aka ƙirƙira a Jami'ar Oxford, aka gwada a Nanoro ta Burkina Faso, ake kuma sarrafawa a Indiya, yana tafe da ƙwayoyi masu faɗin nanomita 40 na kolestarol da fosfolifid da sinadarin ɓawon bishiyar. Hukumar NAFDAC ta amince da shi a Afrilu 2023, allurai miliyan 1 suka iso a Oktoba 2024, aka fara a Kebbi da Bayelsa a farkon Disamba, da shirin faɗaɗawa zuwa sauran jihohi daki-daki. Sau 4 ake yi, a wata 5, 6, 7 da 15. Ba ya maye gurbin gidan sauro.

Duk waɗannan daga waje suke zuwa, kuma wannan ne ɓangaren labarin da ya fi ciwo. Ranar Lahadi kasuwar dabbobi ta Mai'adua tana cika da shanu da raƙuma da awaki da tumaki, wasu sun shigo ta Kwangwalam daga Nijar, tireloli na lodi zuwa kudu. Kitsen irin waɗannan awaki ya shiga tarihin wannan fanni. A farkon shekarun 1990 Rainer Müller a Jamus da Maria Rosa Gasco a Italiya suka fito da ƙwayoyin da aka yi da daskararren kitse maimakon ɓawo mai ruwa a ciki, masu sauƙin kuɗi da jure ajiya. Farfesa Anthony Attama na Jami'ar Najeriya da ke Nsukka ya ɗauki kitsen akuya ya tace, ya haɗa da wasu mayuka, ya buga sakamakonsa tun 2006 tare da Christel Müller-Goymann ta Braunschweig. Daga baya shi da abokan aikinsa suka ƙunshe atemeta da lumefantirin a irin waɗannan ƙwayoyi, don maganin ya zo da mansa ba sai an nemo nono ba, abin da ke da muhimmanci ga yaron da zazzaɓi ya hana cin komai. An gwada man kaɗanya ma. Aikin ya tsaya a ɗakin gwaji da jikin ɓeraye, domin daga nan zuwa shagon magani akwai gwaji a jikin mutane da masana'anta mai tsafta ta musamman, abubuwan da jami'a ba ta da kuɗinsu.

Najeriya ta taɓa yin riga-kafin mutane da kanta a Yaba, na agana da haukan kare da shawara, daga 1940 har aka tsaya a 1991. Na dabbobi har yau ana yi a Vom. A Fabrairu 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Najeriya cikin ƙasashen Afirka 6 da za a koya wa fasahar mRNA daga cibiyar da aka kafa a Cape Town. Rubuta saƙon shi ne mai sauƙi. Maiƙon mai ɗaukar caji kamfanoni ƙalilan ke iya yin sa da yawa, kuma haƙƙin mallakarsa ya jawo ƙararraki a kotunan Amurka tun 2022 tsakanin waɗanda suka ƙirƙira da waɗanda suka sayar da alluran.

Cutar da ƙasar Hausa za ta fi zuba wa wannan fasaha ido nan gaba ita ce amosanin jini. Ana ƙiyasta jarirai kimanin 150,000 ake haifa da sikila a Najeriya duk shekara. Maganin gyaran ƙwayar gado da aka amince da shi a ƙarshen 2023, Casgevy, dala miliyan 2.2 ne a Amurka, kuma sai an ciro ƙwayoyin ɓargo, an gyara su a waje, an share ɓargon da magani mai ƙarfi, sannan a mayar. Burin masana shi ne a ɗura kayan gyaran a jijiya cikin ƙwayar maiƙo su je su yi aikin a ciki. An yi wa wani jariri irin wannan a Filadelfiya a 2025, amma cutarsa a hanta take, hanta kuma can ne waɗannan ƙwayoyi ke nufa da kansu, domin wani furotin na jini yana manne musu ya ja su can. Kai su ɓargo aiki ne daban. A Yuli 2023 masana na Jami'ar Pennsylvania da asibitin yara na Filadelfiya, har da Drew Weissman, suka buga cewa sun ɗaura wa ƙwayar wata alama mai kama uwayen ƙwayoyin jini na ɓargo. Ta isar da saƙo a jikin ɓeraye, ta kuma gyara ƙwayoyin masu sikila a kwanon gwaji.